SimEarth ko Spore: amsa ga mai neman wasan sarrafa duniya

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin SimEarth da Spore wanne ya fi dacewa da mai son wasan da ake damƙa masa duniya guda ya juya ta, ka kuma ce kwamfutarka ta kwana biyu. Na buga su duka biyun, ga abin da na gani.

Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: Will Wright ne ya tsara su a kamfanin Maxis, SimEarth a 1990, Spore a 2008. Amma halinsu ya sha bamban.

A Spore kai ne halittar. Za ka fara a matsayin 'yar ƙwaya cikin ruwa, kana cin na ƙasa da kai kana gudun na sama da kai, sai ka fito tudu, ka kafa ƙabila, ka gina birane, daga ƙarshe ka hau kumbo. Matakai biyar ke nan. Daɗinsa yana wurin ƙera halitta: ka ja wuyanta ya yi tsawo, ka dasa mata ido uku da ƙafa shida, nan take ta miƙe tana takawa. Yaro ma zai gane kansa cikin ɗan lokaci. Sai dai duniyar da kake yawo a kanta shimfiɗa ce kawai. Gyaran duniyoyi sai a matakin ƙarshe, kuma mafi yawansa shi ne ka daidaita zafi da kaurin iska, sannan ka zuba tsirrai da dabbobi.

SimEarth kuwa duniyar ce da kanta a hannunka, tun tana narkakken dutse, kuma tana iya kai shekara biliyan 10. An gina shi kan tunanin masanin Ingila James Lovelock, wanda ya ce rayuwa da iska da teku da duwatsu suna aiki tare kamar jiki ɗaya, abin da ya kira Gaia. Shi ya sa ba ka da jarumi a ciki. Abin da ke gabanka shi ne ƙarfin rana, yawan ruwan sama, yadda gajimare ke mayar da haske, aman duwatsu, tafiyar nahiyoyi. Ka taɓa ɗaya, sauran su amsa. Ranar da na fara, na ɗan ƙara yadda iska ke riƙe zafi don ƙanƙara ta narke, na juya ina duba teku. Kafin in dawo dazuzzukan da na sha wahalar rainonsu sun zama hamada. Akwai wata 'yar taga mai nuna fuskar Gaia. Na buɗe na tarar ta ɓata rai, wallahi sai da abin ya taɓa ni.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba dole sai mutum ne zai yi wayo ba. Dinoso na iya riga kowa, ko dabbobin teku, su kafa garuruwa. In wayewarsu ta kai ƙarshe, sai ka ga biranen sun tashi sama ɗaya bayan ɗaya sun bar maka duniyar da namun dajinta.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Hotunan ƙananan murabba'ai ne, tagogi da jadawali sun cika fuska, kuma wasan ba ya riƙe hannunka. Da littafi mai kauri ya zo, wani ɓangarensa darasin kimiyyar ƙasa ne zalla. Wanda bai karanta ba zai yi ta latse-latse, duniya ta mutu bai san dalili ba. Mutane da yawa nan suke ajiye shi, kuma ban ga laifinsu ba.

Batun kwamfuta, SimEarth na DOS, tsohon tsarin kwamfuta, yana tafiya lafiya da manhajar DOSBox mai kwaikwayonsa, ko a kan tsohuwar laftof. Spore ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, ko da yake shi ma ya tsufa yanzu.

In nishaɗi kake nema kai da yara, ɗauki Spore. Amma tambayarka kan duniya ce, don haka ni SimEarth zan ce. Ka fara da yanayin gwaji, inda makamashinka ba ya ƙarewa, ka buɗe Daisyworld, wata duniya da ke cikin wasan. Furanni ne kawai a cikinta: rana na sanyi masu duhu su yawaita su riƙe zafi, tana ƙara zafi masu haske su karɓe fili su mayar da shi, kamar yadda muke neman farar riga lokacin bazara. In ka gane wannan, sai ka gwada raya Mars. Venus kuwa ka bar ta sai hannunka ya faɗa, don zafinta yana ƙone duk abin da ka dasa.