Wasan da Ba Ya Jiran Kowa

'Yan uwa na gida, ina gaisuwa. Abokin aikina ne ya dame ni sai na je na ga wasan Chicago a Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta birnin New York. Wasa ne na waƙa da rawa a kan dandali. An fara shi a 1975, ya tsaya, aka farfaɗo da shi a 1996. Tun daga nan ake yin sa sau takwas a mako, in ban da lokacin korona da aka rufe gidajen wasa daga Maris 2020 zuwa Satumba 2021.

Tikiti akwai tsada. Sai da na bi layi cikin sanyi a rumfar rangwame ta Times Square, wani fili mai cunkoson jama'a a birnin, ga turereniya, ga masu shigar 'yar tsana suna tare mutum a ɗauki hoto sannan su miƙo hannu. Duk da ragin da aka yi mini, kuɗin ya ci cefanena na mako.

Da shigata, wata ma'aikaciya ta miƙo mini ɗan littafin da suke kira Playbill, kyauta. A ciki na tarar da 'yar takarda: wadda ta saba fitowa a matsayin Roxie Hart, babbar jarumar labarin, ba ta nan yau, wata ce za ta tsaya mata. Raina ya ɓaci, na ce shi ke nan, kuɗina ya tafi a kan 'yar koyo.

Wallahi da ba don takardar ba, babu yadda za a yi in gane. Matar nan ba ta yi tuntuɓe a kalma ɗaya ba, ƙafarta ba ta saɓa wa kiɗa ba. Makaɗan suna zaune a kan dandalin, ana ganin kowa da kayan kiɗansa, kuma ba wanda ya tsaya jiran ta kamo. Abokina ya ce kowane babban matsayi yana da mai jiran gado da ya haddace komai, ana biyan sa albashi ko ya hau ko bai hau ba, kuma ƙungiyar 'yan wasa ce ta wajabta a sanar da 'yan kallo in an sauya mutum. Abin da ya riƙe wasan shekara da shekaru ke nan. 'Yan wasa nawa suka zo suka wuce, shi yana nan.

Labarin kansa na mata biyu ne da suka yi kisa a shekarun 1920, da lauyan da ke juya 'yan jarida yadda ya ga dama har matan su kuɓuta. Shigar 'yan rawar kuwa ta sa ni sunkuyar da kai, baƙaƙen kaya ne shara-shara. Ba wurin da zan kai Hajiya ba ne.

Ana tafi, ni kuwa hankalina ya tafi Kano, ga tashe cikin azumi da 'yan koroso masu tsalle da karan ƙarfe a ƙafa. Gwanintarsu ba ta gaza ta waɗannan ba. Amma mu in an ce ƙarfe takwas, sai goma ta wuce ana jiran babban baƙo, ana gyaran lasifika, janareto na tari. In tauraro bai zo ba, taro ya watse, kuma ba mai mayar maka da kuɗinka. In ya rasu, sai a binne shi da wasansa, don ba a rubuta ba, ba a horar da na baya ba. Makaɗi kuwa da liƙi ya dogara, ran da masu kuɗi ba su zo ba ya kwana da yunwa. Ku da ke shirya wasa a gida, wa kuka tanada da zai hau dandali ran da jaruminku ya kwanta zazzaɓi?