Mai baki biyu ta huɗu, da wata ukun da ta ci mini

Tun ranar da na fara tara bindigogi masu baki biyu na ɗaura wa kaina sharaɗi guda: sai ƙirar birnin Birmingham na Ingila, kuma a kan tsarin Anson da Deeley, mutanen kamfanin Westley Richards da suka yi wa ƙirar rajista a 1875. Kana buɗe ta don sa harsashi ta ɗana kanta daga ciki, babu abin ja a waje. Irinta marigayi Baba yake fita farautar zabi da fakara da ita, kuma a jikinta na fara karanta sunan garin nan, tun ban san a cikinsa zan zauna ba.

Uku gare ni a akwatin ƙarfe, har da samfurin 700 na kamfanin Webley & Scott. Ta huɗun a shafin intanet na wani shago da ke arewacin Ingila na gan ta. Ban yi dogon ciniki ba. Suka turo ta shagon da ke kusa da ni, na nuna lasisina na karɓa. Gaskiya ranar har raina na yaba musu. Katakon gindinta ruwan zuma ne mai baƙaƙen jijiyoyi, zanen jikin ƙarfen bai goge ba, in ka rufe ta kuma sai ka ji ƙas, babu girgiɗi ko kaɗan.

Al'adata ce ba na harba tsohuwar bindiga sai wani dattijo maƙerin bindigogi da nake hulɗa da shi ya duba. Ya cire bakunan, ya kifa su a ƙarƙashin fitila, ya nuna mini hatimin da gidan gwajin ƙarfin bindigogi ya buga mata, mai nuna tsawon harsashin da aka gwada ta a kai: inci biyu da rabi. Sai ya zura ma'auninsa a mazaunin harsashi, na ga ya shige ya wuce layin, bai tsaya ba sai a inci biyu da kwata uku. Ya sake a ɗaya bakin, haka nan. Ya cire tabarau ya ce mini wani ya ƙara zurfin wurin don ya ɗauki dogon harsashi, bai kuwa mayar da ita gidan gwaji ba. Wato an rage naman ƙarfe daidai inda wuta ta fi ƙarfi, kusa da hannun mutum da fuskarsa. Jikina ya yi sanyi, domin ƙanena na yi wa alkawarin shi zai fara gwada ta ranar Asabar.

A ƙasar nan sayar da bindiga a wannan hali laifi ne a doka. Gidan gwajin Birmingham yana nan a titin Banbury tun 1813 saboda irin wannan. Ta yaya shago mai rajista zai rasa ma'aunin da ko minti ɗaya ba ya ci?

Na buga musu waya. Yaron da ya ɗauka ya ce haka suka saye ta, kamar wannan ya wanke su. Sai a kira na uku mai shagon ya karɓa da kansa, kuma a nan zan faɗi alherinsa: bai yi musu ba, ya ba ni haƙuri, ya ce in zaɓa, ko kuɗina ko su kai ta gwaji da kuɗinsu. Na zaɓi gwaji, ina sane da cewa tana iya kumbura ko ta tsage a can. Na riga na ƙwallafa rai. Allah ya taimaka ta ci, ta dawo da sabon hatimi mai nuna milimita 70, wato inci biyu da kwata ukun nan. A lokacin har na ce wa abokai a ci gaba da saye a wurinsu.

Amma da na zauna rubuta wannan sai abin ya dawo mini sabo. Sati biyu suka ce, sati goma sha biyu aka yi. Duk tsawon lokacin ko sau ɗaya ba su neme ni ba, kullum ni ke bi. Na mayar da ita farkon Nuwamba, ba ta dawo ba sai ƙarshen Janairu, saura kwanaki a rufe kakar farauta ranar 1 ga Fabrairu. Da na buɗe kwalin kuma sai ga lotsawa kamar faɗin farce a wannan katakon da ya ja ni gare ta tun farko, don an naɗe ta ne da 'yar leda babu soso. Na aika hoto, suka ce wataƙila tun da can take. Hotunan tallansu suna wayata, babu ita a ciki. Na tura musu, yau kwana goma sha tara shiru.

Bindigar tana harbi lafiya lau, tana kuma zaune kusa da 'yan uwanta uku. Shagon dai na gama da su. Dattijo ya ce zai gwada tayar da lotsawar da jiƙaƙƙen ƙyalle da dutsen guga mai zafi, ranar Talata zan kai masa.