Gano Mai da Sinadarin Wanki a Ɗakin da Aka Zuƙe wa Iska: Na'urar RGA ko Gwajin Goge Bango

Na'urar RGA, wadda ke tantance ragowar gas bisa nauyin ƙwayoyinsa, tana aiki ne yayin da ɗakin, wato rufaffen akwatin gwaji da aka zuƙe wa iska, yake rufe, kuma a nan ta fi gwajin gogewa nesa ba kusa ba. Man famfon zuƙe iska yakan bayyana a lambobin nauyi 41, 43, 55 da 57 na karatun na'urar, rukuni-rukuni masu tazarar 14, saboda yadda sarƙar haidirokabon ke karyewa. A cikin sinadaran wanki, asiton yana fitowa a 43 da 58, barasar aisofurofil a 45; Fomblin kuma, wani nau'in man famfo, yana fitowa a 69. Karatun yana buƙatar hankali, domin lamba 43 kaɗai ba ta raba asiton da mai sai an duba maƙwabtanta. Haka kuma na'urar ba ta aiki sai matsin iska ya sauka ƙasa da kimanin 0.0001 tor (ma'aunin matsin iska), kuma mai mai nauyi da ya lafe a bango mai sanyi yakan ɓuya mata har sai an ɗumama ɗakin.

Gwajin gogewa kuwa yana kama ainihin wannan mai da ya lafe: a goge bango, a kai abin da aka goge da shi ɗakin bincike, a auna da hasken infirared. Sai dai dole a buɗe ɗakin da aka zuƙe wa iska, abin da ke shigar da danshi, kuma sinadarin wanki kan riga ya ƙafe kafin a auna. A ganina, RGA ce ta dace da sa ido na yau da kullum, gogewa kuma ta dace da kayan da ba a ɗaura a cikin ɗakin ba tukuna.