Setin dainin da na saya don Sallah, abin da na gani bayan na yi amfani da shi

'Yan uwa mata tunda kun yi ta tambayata a kan hoton teburin nan da na ɗora ranar Sallah bari yau in zauna in faɗa muku komai, mai daɗi da marar daɗi. Tun goman ƙarshe na azumi na ga setin a Instagram wajen wata mai kawo kayan kicin, kore ne mai duhu da ruwan gwal, an yi masa zanen jinjirin wata da irin fitilar nan ta Misira da suke ratayawa a Ramadan wadda ake ce wa fanus. A ciki akwai babbar shimfiɗar tebur, da dogon ƙyallen da ake ratsawa a tsakiya, da 'yan tabarmin ɗora faranti guda 6, da hankicin goge baki 6, sai farantan tangaram manya da ƙanana, kwanukan miya da kofuna duk shida shida. Kuɗin da na biya da na kawowa ya kai na atamfa mai kyau turmi biyu, na daɗe ina juya abin a raina kafin na tura.

Sun iso saura kwana uku Sallah, kwanon miya ɗaya ya tsage a hanya, na tura mata hoto ta ba ni haƙuri ta ce sai bayan Sallah za ta musanya, kuma ta cika alkawari amma dai ranar da biyar na yi amfani.

Kyau kam wallahi ba a magana. Daren Sallah bayan na gama suyar cincin na goge shimfiɗar na baza ta, na jera farantan, na zuba dublan da alkaki a tire na ajiye a tsakiya, Abban yara da ya shigo sai da ya tsaya ya ce kai masha Allah kamar ba gidanmu ba. Farantan su ne suka fi burge ni, suna da nauyi a hannu, farare ne sai siririn layin gwal a baki da ɗan ƙaramin wata a gefe guda, idan kika zuba waina da miyar taushe a kai kalar miyar sai ta fito ras. Kwanukan miyar kuma suna da zurfi, ba irin waɗanda da kin zuba ludayi biyu sun cika ba. Abu ɗaya da mai kayan ba ta gaya min ba, duk farantin da ke da layin gwal ba a saka shi a maikurowef don ƙarfe ne tartsatsi yake yi, 'yata ta saka ɗaya za ta ɗumama shinkafa muka ji ƙara ɓas ɓas na ruga na kashe, gefen ya ɗan yi baƙi har yau.

Shimfiɗar ce ta ba ni ciwon kai. A hoto kamar auduga, da na taɓa sai na ji ashe yadi ne mai roba a jikinsa mai sulɓi, irin wannan ba ya son zafi ko kaɗan, na sauke tukunyar farfesu na ɗora a kai ko minti biyu ba a yi ba wajen ya tattare ya yi ƙyalli, zagayen gindin tukunyar ya fito sak. Hajiya, mahaifiyar maigidan, tana zaune tana kallo ta ce ke 'yar nan ina faifanki? Ai kuwa na ɗauko faya-fayaina guda uku da na saya a kasuwar Kurmi tun da daɗewa na ɗora kuloli da tukunya a kai, kuma abin mamaki sai suka ƙara wa teburin kyau, ja da baƙin saƙar ya hau da koren nan sosai har baƙi suna tambaya ko tare aka sayo. Manja ma ya ɗiga, zobo ya zube, wannan dole ne a gidan yara. Zobon na ɗauraye nan take da ruwan sanyi ya fita, manjan kuma na ɗiga sabulun wanke-wanke na murza na shanya a rana, kwana biyu tabon ya ɓace.

Hankicin goge bakin kuwa ban yi amfani da su ba sam, an rubuta gaisuwar Idi da harufan Larabci a jikinsu, ni dai zuciyata ba ta kwanta in ga ana share maiƙo da rubutun Larabci ba, kuma na san Hajiya ba za ta yi shiru ba. Na naɗe su na sa a durowa na kawo tishu. Don Allah masu sayar da kayan nan ku riƙa nuna mana rubutun da kyau a hoto kafin mu biya.

Sai maganar da ta fi komai a wajena, setin na mutum shida ne, Sallar gidanmu kuwa ba ta san shida ba. Kafin azahar yaran yayyen maigidan da ƙannena da maƙwabta masu kawo tuwon Sallah sun cika falo, mun fi ashirin, ƙarshe dai ledar cin abincin nan tamu aka shimfiɗa a ƙasa aka zuba a manyan tire kowa ya sa hannu, Hajiya ma cewa ta yi ita ƙafarta ba ta son kujera a ba ta tabarma. Teburin sai ya koma wajen jera kuloli da jog da kayan soye-soye kowa ya zo ya ɗiba, kuma a haka ya fi yi min amfani, har kwana uku yana nan a gyare duk baƙon da ya shigo sai ya yaba.

Farantan da kwanukan zan sake saya ko gobe, har ina neman ƙarin shida. Shimfiɗar kam a'a, kafin Babbar Sallah zan shiga Kantin Kwari in yanko yadin auduga mai kauri yadi uku kala ɗaya marar zane in kai wa tela ya kalmashe bakin, ƙyallen tsakiyar mai watan shi kaɗai zan riƙa ɗorawa a kai, don ga nama ga romo na san abin da ke jiran teburin nan.