Gargaɗi kan masu sayar da "kaso" a tikitin kakar wasa na ƙungiyoyin Firimiya

Akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da X da zaurukan WhatsApp na magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Ingila, kuma waɗanda ta fi cinyewa su ne ɗalibai da sababbin zuwa ƙasar da baƙin da suka tara kuɗi domin su ga ƙungiyarsu ido da ido. Mutum zai fito ya ce yana da tikitin kakar wasa, wato tikitin da ke ba mutum kujera ɗaya a duk wasannin gida na gasar a kaka guda, a filin Old Trafford ko Anfield ko Emirates, amma aiki ya yi masa yawa ko an mayar da shi wani gari, saboda haka yana neman mutum biyu ko uku da za su raba kuɗin tikitin da shi, kowa ya ɗauki wasanninsa. Maganar tana da daɗin ji, kuma abin da ya sa take kama mutane shi ne ta yi kama da abin da magoya baya na gaskiya suke yi a tsakaninsu.

Tsadar shiga kallo ce ta buɗe wa waɗannan mutane ƙofa. A watan Fabrairun 2016 dubban magoya bayan Liverpool suka fice daga Anfield a minti na 77 na wasansu da Sunderland, domin nuna fushinsu kan shirin kai wasu tikitoci fam 77, har sai da masu ƙungiyar suka janye shirin. Daga kakar 2016/17 aka ƙayyade tikitin magoya bayan ƙungiyar da ta je baƙunta a kan fam 30, amma wannan ƙayyadewar ba ta shafi wasannin gida ba. A ƙarshen 2024 Manchester United ta mayar da ragowar tikitocin mambobinta fam 66, ba tare da rangwame ga yara ko tsofaffi ba. Idan aka haɗa da kuɗin jirgin ƙasa da kuɗin rajistar zama mamba, ba abin mamaki ba ne 'yan'uwa ko abokai su yi karo-karo a kan kujera ɗaya. Ni ban ga laifin mai neman sauƙi ba, domin ba kowa ne zai iya biyan wasanni 19 na gida shi kaɗai ba, kuma a manyan ƙungiyoyi ko da kuɗinka a hannu sai ka yi shekaru a layin jira.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne tikitin kakar wasa da sunan mutum ɗaya yake fita, kuma a wurin ƙungiya babu wani abu mai suna "kaso ɗaya cikin uku" na tikitin wani. Duk yarjejeniyar da ka ƙulla da mai tikitin tsakaninku ce kawai, ƙungiya ba ta san da zamanka ba, ba kuma za ta saurare ka ba idan an ci amanarka. A nan ɗan damfara yake fakewa. Kujera ɗaya ce, idan ma akwai ta, amma babu abin da zai hana shi ya sayar wa mutum goma wasa biyar-biyar, wato wasa hamsin a kakar da ba ta wuce wasa 19 ba, tun da masu sayen ba su san juna ba kuma ba zai taɓa haɗa su a zaure ɗaya ba.

Salon nasu kusan iri ɗaya ne. Da farko zai turo hoton tikitin da lambar kujera, wani lokaci har da bidiyon da aka ɗauka daga cikin fili, sannan ya nemi a ba shi kafin alƙalami "domin a riƙe maka gurbi", yana mai cewa akwai wasu mutum biyu da ke jira. Idan ka nemi ku haɗu, uzuri ba ya ƙare masa. Masu wayo daga cikinsu sukan cika alkawari a karon farko: za su samo maka tikitin gaske na wani ƙaramin wasa na tsakiyar mako, ka shiga ka kalla, ka dawo kana yabonsu a gaban abokanka. Bayan nan ne za a ce ka biya ragowar kuɗin kaka gaba ɗaya, ko ka ƙara wani abu saboda wasan hamayya da ke tafe. Ranar babban wasan kuwa za ka tsaya a bakin ƙofar shiga, jama'a na turereniya a bayanka, ka kara wayarka a na'ura ta ƙi buɗewa, ka sake karawa ta ƙi, ka kira lambarsa ka ji ta a kashe.

Hoton tikiti ba shaida ba ce. Ƙungiyoyin Firimiya da yawa sun koma tikitin waya, wanda ake ajiyewa a Apple Wallet ko Google Wallet ko a manhajar ƙungiya, kuma a filaye da dama na'urar ƙofa tana karanta wayar ce kai tsaye, ba hoton da ke fuskarta ba. Inda ma ake amfani da lambar da ake haskawa, hoto ɗaya ana iya tura shi ga mutum ashirin, wanda ya riga isa ne kaɗai zai shiga. Hanyar da ƙungiyoyi suka amince da ita ita ce mai tikiti ya tura maka wasan ta cikin tsarinsu, ya faɗo a asusunka mai ɗauke da sunanka, ko ya mayar wa ƙungiya kujerar ta sayar wa mambobi a kan farashinta. Duk wanda ya ce ba zai bi wannan hanya ba saboda "tana da wahala" ko "ƙungiya za ta cire wani abu", to ya riga ya gaya maka ko wane ne shi.

Akwai kuma ɓangaren da ke farautar masu tikitin su kansu, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Wani zai ce zai riƙa sayen duk wasannin da ba za ka je ba, ya biya da kyau, sharaɗin kawai ka ba shi adireshin imel da kalmar sirrin asusunka domin ya riƙa sauke tikitin da kansa. Da zarar ya samu, sai ya canza kalmar sirrin, ya riƙa sayar da kujerarka a kasuwar bayan fage. Idan aka kama tikitin a hannun wani, sunanka ne a jiki, kai za a dakatar ko a soke maka tikitin da ka yi shekaru kana sabuntawa. Doka ma ba ta bar wannan ba: sashe na 166 na dokar shari'ar laifuka da zaman lafiyar jama'a ta 1994 ya haramta sayar da tikitin wasan ƙwallon ƙafa a Ingila da Wales ba tare da izinin masu shirya wasan ba, kuma gyaran da aka yi a 2006 ya haɗa da cinikin intanet. Hukuncin yana iya zama tara, kotu kuma tana iya hana mutum shiga filayen wasa.

Yadda aka nemi ka biya shi ma yana nuna niyyar mai sayarwa. Ɗan damfara ya fi son tura kuɗi kai tsaye daga banki zuwa banki, ko sashen PayPal na 'yan'uwa da abokai wanda ba shi da kariyar mai saye, ko katin kyauta, ko kuɗin kirifto. Sau da yawa sunan da ke kan asusun bankin ba shi ne sunan da yake amfani da shi a shafinsa ba, sai ya ce na matarsa ne ko na ƙaninsa. Wanda ya biya ɗan kasuwa da katin bashi a Birtaniya yana da kariyar sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 idan kayan ya haura fam 100, amma wannan kariyar ba ta bin kuɗin da ka tura wa wani mutum da hannunka.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kira bankinsa nan take, kuma a Birtaniya lambar 159 tana haɗa mutum da yawancin bankuna kai tsaye. Tun daga 7 ga Oktoban 2024 an wajabta wa bankunan ƙasar mayar da kuɗin wanda aka yaudara ya tura, har zuwa fam 85,000, sai dai banki yana iya cire fam 100 daga ciki, kuma tsarin bai shafi kuɗin da aka turo daga asusun wata ƙasa ba. Ya adana duk saƙonni da lambar asusun da ya tura wa kuɗi kafin a goge shafin, ya kai ƙara wurin 'yan sanda, sannan ya aika wa ofishin tikitin ƙungiyar lambar kujerar da aka nuna masa, domin su ne za su iya duba ko kujerar tana da mai ita da kuma sau nawa aka yi yunƙurin shiga da ita.