Shagon tura bidiyo a Kawo: kaya sun yi, fassara ce babu

Na kai mimori wani ƙaramin shago a Kawo don yarana. Yaron shagon ya ce, "Baba, in sa muku na dabbobin teku?" Wallahi ni na fi yaran kallo. Akwai wani masani, Ken Norris, wanda a farkon shekarun 1960 ya rufe wa dolfin (wata dabbar teku mai kama da babban kifi) ido, amma ta kauce wa duk abin da aka gindaya mata, da amsa-kuwwar sautinta kawai. Sai Karen Pryor a Hawai, da usur da bokitin kifi take horar da su, ba duka. Ashe shayar da 'ya'yansu suke yi, kamar ayun kogin Binuwai!

Hoto tangaran. Sai dai duk Turanci ne, ni na koma tafinta. Bidiyo biyu kuma sun ƙi buɗewa, sai da na koma Kawo.