Warƙar fata ta ƙarni na 15 da na saya a gwanjon Ingila

Wata uku ke nan da warƙar nan ta shigo hannuna, sai yanzu zuciyata ta yi sanyin da zan iya ba da labarinta.

Warƙa ɗaya ce tal, daga irin littattafan addu'a na Kiristocin Turai da ake rubutawa da hannu a arewacin Faransa a ƙarni na 15. Da Latin aka rubuta ta a kan fatar maraƙi, layi 15 a kowane shafi, girmanta kaɗan ya ɗara tafin hannu. Wani ƙaramin gidan gwanjo da ke wajen Landan ne ya fito da ita, ni kuma na taya ta intanet daga ɗakina a Birmingham. Mu uku muka yi ta ja, a kan fam 280 aka sallama min.

Ba Latin nake ji ba, rubutun hannu ne ke ɗaukar hankalina. Na tashi ina ganin Alƙur'anin kakana a cikin gafaka, ba mai taɓa shi sai da alwala. Kuma tun 2015, da Jami'ar Birmingham ta baje warƙoƙin nan biyu na Alƙur'ani waɗanda gwaji ya nuna fatarsu ta faɗo tsakanin shekarar 568 da 645 miladiyya, nake marmarin in riƙe rubutun fata da hannuna.

Gaskiya ranar da ta iso na yi murna ƙwarai. A cikin firam ta zo, an naɗe ta da kyau. Na kai ta bakin taga. Tawadar ta koma ruwan ƙasa, irin ta tsohon rubutun malamanmu, kuma ashe da ƙaro ake haɗa ta kamar tamu. Babban harafin farko zinariya ce a kan shuɗi, ta ɗan yi tudu, in ka karkata warƙar sai ta yi walƙiya. Ana ganin jan layi siriri da marubucin ya ja don kada hannunsa ya karkace. Na fi rabin awa a tsaye. Da a wannan daren na rubuta sharhin nan, da yabo kawai za ku karanta.

Matsalar ta fito ne da na kai ta wurin wata dattijuwa mai gyaran tsofaffin takardu don a sauya firam. Tun kafin ranar gwanjo na rubuta wa gidan na nemi hoton bayan warƙar, domin gaba kawai suka nuna. Suka ce ba sa buɗe firam, amma kaya lafiya lau yake, sai ɗan dattin shekaru. Na yarda.

Matar nan na ɗaga kwalin baya sai ta yi shiru. Da salatif aka manne warƙar, har wuri biyu a sama. Gam ɗin ya narke ya shige cikin fatar, ya bar tabo ruwan goro wanda ta ce zai rage amma ba zai fita duka ba. Fata mai shekara sama da 500, wadda aka jiƙa, aka miƙe a katako, aka kankare har ta yi laushin takarda, a zo a lafta mata salatif! Sai ta juya ta ta nuna min bayan: ya fi gaban rawaya, da ɗige-ɗigen ramukan gashi, wato nan ne gefen gashin maraƙin. Ina cikin kallon wannan ta ɗora yatsa a gefen da ya kamata ɗinki ya kasance. Babu ramin zare ko ɗaya. Yanka ne miƙaƙƙe, na reza, bakinsa fari tas, alhali sauran gefuna uku sun yi duhun tsufa. A kusurwar ƙasa kuma an rubuta 87 da fensir.

Ta ce min a ganinta ba a jima da yanke ta daga littafinta ba.

Wannan ya fi salatif ɗin ƙona min rai. Na san da wannan sana'a. Otto Ege, Ba'amurken nan na Cleveland da ya rasu a 1951, haka ya riƙa farke littattafai yana sayarwa warƙa-warƙa, yana cewa don talaka ma ya samu. Wani littafin ibada na garin Beauvais da ke Faransa ma an wargaza shi bayan an sayar da shi a 1942, har yau masana na bin sawun warƙoƙinsa, sun gano sama da 100 a warwatse. Na ɗauka tawa irin wannan tsohuwar ɓarna ce, wadda aka yi tun ba a haife ni ba. Ashe kuɗina ne ya shiga aljihun mai reza da ke raye. Da na duba kasuwannin intanet cikin dare, na ga ’yan'uwanta guda huɗu: hannu ɗaya, layi 15, lambar fensir a kusurwa ɗaya.

Na rubuta musu da hotuna. Sai da aka yi kwana tara suka amsa, layi uku. Wai yadda aka ga kaya haka ake sayar da shi, ba sa mayar da kuɗi sai in ya tabbata jabu ne. Kan inda ta fito kuwa, “daga hannun wani mai tara kayan tarihi”, kalmar da ke cikin kundin gwanjon ke nan, ba ƙari. To warƙar ba jabu ba ce, wannan na ba su. Amma mutanen da suka karɓi la'ada kashi 25, ga haraji a kan la'adar, ga kuɗin aike da ya kusa fam 50 na abin da bai kai nauyin wasiƙa ba, su ce kwance ƙusa huɗu a bayan firam ya fi ƙarfinsu? Wace dillanci ce wannan? A kasuwar Kurmi ma dillali yakan juya maka kaya ka ga bayansa.

Duk mai niyyar taya irin wannan, in ba su nuna maka baya da gefen ɗinki ba, kuma ba su faɗi shekarar da littafin ya rabu ba, ka bar musu kayansu. Ni dai ba zan sake taya komai a gidan nan ba.

Warƙar kuwa ina sonta, ba zan ɓoye ba. An cire salatif ɗin, tana cikin kwali marar asid, nesa da rana da hita. Wani abokin aikina da ya yi Latin a makaranta ya ce min daga Zabura ce, kuma jimlar ƙarshe ta katse a tsakiya. Cikonta na kan warƙa ta 88, wadda wani ke tallatawa yanzu haka daga Amurka. Uwargida ta ce, “Maigida, ka saye ta mana, ko su biyun su haɗu.” Kullum sai na buɗe shafin na dube ta. Har yau ban taya ba.